Bututun da ake sa wa yara a kunne

Idan kana kiran ƙaninka ba ya waiwayowa, kada ka ce taurin kai ne. Bayan mura, ruwa kan taru a bayan dodon kunnen yaro, jinsa ya ragu, bakinsa ma ya yi nauyi.

In ruwan ya wuce wata 3, likita kan sa yaron barci, ya ɗan tsaga dodon kunnen, ya saka bututu kamar ƙwayar shinkafa don iska ta shiga. Aikin kamar minti 15 ne. Maƙwabciyarmu a Gumel, da aka yi wa ɗanta a Kano, ta ce hana shi abinci kafin aikin ne ya fi mata wuya. Yawanci bututun yakan faɗo da kansa cikin shekara guda.