Kafin A Ga Fuskarki, Takardarki Ake Fara Gani

Wata Asabar da hantsi ƙanwata, 'yar ƙanwar mahaifiyarmu, ta taso daga Sara ta same ni a Birnin Kudu, goye da yaronta, riƙe da wani koren fayil da ya sha hannu. Ko ruwan da na ba ta ba ta gama sha ba ta ce, "Yaya, sau huɗu ke nan ina kai takarduna, ko sau ɗaya ba a kira ni ba. Anya ana samun aikin nan ba tare da kana da wani a sama ba?"

Ta yi karatun kiwon lafiyar al'umma a Jahun, ta fito da sakamako mai kyau. Sai aure ya zo, haihuwa ta biyo baya, shekara shida tana gida. Yanzu babbar 'yarta ta shiga firamare, abin da mai gidan yake samu a gona da kasuwar Sara kuma ba ya kai su ƙarshen shekara.

Ba zan ce miki babu sanayya a harkar ɗaukar aiki ba, akwai. Amma da na buɗe fayil ɗin, sai na ga abin da ya fi rashin uwa a gindin murhu cutar da ita. A shagon kwamfuta aka yi mata CV, aka ɗauko na wani saurayi aka sauya suna kawai. A wajen abin sha'awa an bar mata ƙwallon ƙafa. Lambar wayar da ke kai tsohon layin mijinta ne da ya ɓata tun bara. Ko da an neme ta, ta ina za a same ta?

Mun zauna a kan tabarma har azahar muna gyara. Abin da muka yi shi zan faɗa muku, domin na san irinta suna da yawa daga Gwaram har Birnin Kudu.

Fara da sunanki

Kafin ki rubuta komai, ki baje takardunki: ta firamare, sakamakon WAEC ko NECO, satifiket ɗin kwaleji, takardar haihuwa ko rantsuwar shekaru, shaidar ƙaramar hukuma, da lambar NIN. Ki duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Mu mata a nan muka fi faɗawa: takardun makaranta da sunan mahaifi, NIN da sunan miji. Ko kuma nan Hauwa'u, can Hauwa. Mai tantancewa bai san ki ba, takarda ya sani. Idan akwai saɓani, ki gyara tun yanzu, ko ki je kotu a yi miki takardar rantsuwa. A CV kuwa, sunan da ke kan satifiket shi za ki rubuta.

Ki kuma duba lasisi. Nas da ungozoma suna da majalisarsu ta ƙasa, ma'aikatan lafiyar al'umma suna da hukumar rajistarsu, malaman makaranta suna da TRCN. Lasisin ƙanwata ya daɗe da ƙarewa ba ta sani ba. Mai digiri ko HND ta haɗa da takardar bautar ƙasa. Wadda ta haura shekara 30 kafin ta kammala karatu, takardar yafewa ake ba ta, ita ma ana neman ta.

Abin da CV zai ƙunsa

Shafi ɗaya ya isa mai farawa, mai gogewa kada ta wuce biyu. A sama: cikakken suna, garin da kike zaune, lambar waya da imel. Lambar ta zama taki, wadda ke hannunki dare da rana. Imel ɗin ya ɗauki sunanki na gaskiya, ki bar laƙabin da ƙawaye suke kiran ki da shi a WhatsApp.

Sai layi biyu ko uku da ke faɗin wace ce ke da abin da kika iya. Daga nan ayyukan da kika yi, sai karatu, ki fara da na baya-bayan nan ki koma baya, kowanne da shekararsa. Sai lambar lasisi, sai harsunan da kike ji. Kada ki raina wannan. A yankinmu, ma'aikaciyar da ke jin Fulatanci bayan Hausa da Turanci tana da abin da wasu ba su da shi, domin matan rugage suna zuwa awo.

A ƙarshe ki sa mutum biyu da za su tsaya miki, kamar malamin da ya koyar da ke da shugabar wurin da kika yi aiki. Ki kira su ki nemi izini tukuna. Miji da kawu ba sa shiga nan.

Shekarun da kika yi a gida

Nan ne ƙanwata ta sunkuyar da kai. "Yaya, ai ban yi komai ba." Na ce ta ƙirga min. Ashe ta yi aikin rigakafin shan inna gida-gida zagaye da dama. Damina biyu tana cikin masu raba wa yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Tana koyar da ajin mata a Islamiyyar unguwarsu, kuma ita ce uwar adashin mata ashirin, ba a taɓa samun ta da kuskuren ko naira ɗaya ba.

Duk wannan aiki ne, kuma yana shiga CV. Sirrin shi ne ki faɗi abin da kika yi a zahiri. Kowa yana rubuta "ina da ƙwazo da riƙon amana". Ke ki rubuta cewa kin riƙe littafin kuɗin mata ashirin tsawon shekara uku. Wanda ya karanta zai gane amanar da kansa.

Giɓin kuma kada ki ɓoye shi da ƙarya. Layi ɗaya ya wadatar: daga shekara kaza zuwa kaza kina renon yara, yanzu kin shirya komawa aiki. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A asibiti, wadda ta ce ta iya sa ruwa a jijiya alhali ba ta iya ba, ranar farko asirinta zai tonu, kuma ran majinyaci ne a tsakiya.

Wasiƙar da ke rakiyar CV

CV tarihinki ne. Wasiƙar neman aiki kuwa ita ce sallamarki a ƙofar gida, kuma kowane gida da tasa. Wadda kika rubuta wa makarantar kuɗi ba ita za ki aika wa asibiti ba. Yawanci da Turanci ake so, amma Turanci mai sauƙi wanda za ki iya maimaitawa da bakinki ranar intabiyu ya fi manyan kalmomin aro.

Sakin layi uku sun isa. Na farko: wane gurbi kike nema, a ina kika ga sanarwar. Na biyu: abu biyu ko uku daga aikinki da suka dace da abin da sanarwar ta nema. Idan sun ce suna son mai iya cike rajista, ki faɗi inda kika taɓa cikewa. Na uku: godiya da lokacin da za ki iya farawa. Ki sa hannu, ki sa kwanan wata.

Abin da ba a rubutawa shi ne roƙo. "Ku taimaka min saboda Allah, ina da yara huɗu" gaskiya ce mai taɓa zuciya, amma mai ɗaukar aiki yana neman wadda za ta sauke masa nauyi ne. Ki nuna masa ke ce. Idan kuma a shirye kike ki zauna a ƙauye, ki faɗa ɓaro-ɓaro. Ƙananan asibitocin karkara sun fi kowa sanin zafin ma'aikacin da ake turowa daga birni ya gudu bayan wata biyu.

Aikawa ta waya

Shirye-shirye irin su N-Power da aka fara a 2016, da J-Teach da J-Health na jihar Jigawa, sun koya mana cewa gurbi yana buɗewa ya rufe cikin 'yan kwanaki. Saboda haka ki ajiye CV ɗinki a waya a tsarin PDF, ki kuma tura wa kanki a imel don ko wayar ta lalace. Hoton satifiket ki ɗauka da rana, a shimfiɗe, kusurwa huɗu duka su fito. Sunan fayil ya zama sunanki. Asalin takardunki ba a bar wa kowa, fotokwafi ake bayarwa.

Sannan ki yi hattara. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi a ba ki gurbi, ko ya nemi lambar sirrin katinki na banki, ɓarawo ne ko da ya sa tambarin gwamnati a hotonsa. Ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki a asibitin Jahun ba ta karɓar ko sisi don ɗaukar ma'aikaci, haka duk wata ƙungiyar kirki.

Iyaye masu 'ya'yan da suka gama karatu, ku ma akwai naku. Ko ba ki jin Turanci, ki sa 'yarki ta karanta miki CV ɗinta tana fassarawa. Za ki ji inda aka yi ƙari, za ki kuma tuna mata abin da ta manta.

Ƙanwata ta sabunta lasisinta, ta gyara sunanta, ta sake kai takardu wurare biyu. Bayan mako uku ta kira ni da daddare, muryarta na rawa: wani asibiti mai zaman kansa ya gayyace ta intabiyu. Ta je, ta amsa abin da ta sani, yanzu muna jiran sakamako. Rabo na Allah ne, amma aƙalla wannan karon da aka neme ta, wayarta ce ta yi ƙara.