Yajin ƴan wasa ya sauke mai horo: darasi ga masu kokowa

In kaka ta yi, aka kai hatsi rumbu, sai zancen kokowa ya tashi ko'ina cikin Nijar. A kasuwar Katako ta birnin Yamai, masu zubin tukunya, da masu saida katako da kwano, da ƴan dako, kowa da gwaninsa. Tun shekara ta 1975 aka fara kokowar takobi a Tawa, kuma Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko. Yanzu jihohi 8 ke haɗuwa, kowace jiha da ƴan kokowa 10.

Amma waɗannan samari ba ma'aikata ba ne. Kokowa ba ta ba su albashin wata. Yawancinsu manoma ne, ko makiyaya, ko mahauta, ko ƴan kasuwa. Wanda ya karye a fage, gonarsa ce za ta kwana ba noma. To, wa ke da magana cikin harkar wasa? Shugabanni kaɗai, ko har da masu zub da gumi?

An yi wannan gardama a wata ƙasa mai nisa. Ta kai ga yaji har sau 3, ta kai wani babban mutum ga yin murabus. Ga yadda abin ya faru.

Ƙasar Ailan da wasanta na gargajiya

Ailan tsibiri ne a yammacin Ingila. Ƙasa ce mai ruwan sama da ciyawa da shanu. Su ma suna da wasannin gado, kamar yadda muke da kokowa. Babba daga ciki sunansa harlin. Mutum 15 ke karawa da mutum 15. Kowa yana riƙe da sandar icce mai faɗin baki, suna bugun wata ƴar ƙaramar ƙwallo mai tauri. Wasa ne na gudu da ƙarfi, ana jin ciwo ƙwarai.

Hukumar da ke riƙe da waɗannan wasanni ana ce mata GAA. An kafa ta a 1884. Dokarta ita ce, ba a biyan ɗan wasa albashi. Kowa gundumarsa yake yi wa wasa, don suna da girma. Ɗan wasa yana iya zama manomi, ko malamin lakkol, ko soja. Da rana yana wurin aikinsa, da dare yana wurin horo. Ranar wasan ƙarshe, mutum fiye da dubu 80 ke cika babban filin birnin Dabilin, kuma kowa ya biya kuɗin ƙofa.

Ƴan wasa suka duba, suka ga kuɗi na shiga, su kuwa wahala ce rabonsu. A 1999 suka kafa ƙungiyar kansu, wadda ake kira GPA. Da farko hukuma ta ƙi yarda da ita. Cikin watan Nuwamba na 2007, ƴan ƙungiyar suka jefa ƙuri'a, 95 cikin 100 suka yarda a tafi yaji. Kafin a fara yajin aka daidaita. Gwamnati ta yarda ta ba ƴan wasa tallafin yuro miliyan 3 da rabi, wato fiye da sefa miliyan dubu 2.

Yajin farko ya yi amfani

Inda wutar ta fi ci ita ce gundumar Kork, a kudancin ƙasar. Kork gidan harlin ne, sau 30 ta ɗauki kofin ƙasa. Mai tsaron ragarta, Donal Og Kusak, yana cikin jagororin ƴan wasa, har ya zama shugaban ƙungiyar GPA.

A ƙarshen 2002, ƴan wasan Kork suka ce ba za su ƙara shiga fili ba. Ba albashi suka nema ba. Sun nemi a gyara musu kuɗin mota, da kayan wasa, da wurin motsa jiki, da maganin wanda ya ji ciwo. Jama'a ta goya musu baya. Cikin watan Disamba shugabannin gunduma suka amsa. Sakamako bai daɗe ba. Kork ta kai wasan ƙarshe a 2003, ta ɗauki kofi a 2004, ta sake ɗauka a 2005.

A ƙarshen 2007 rikici ya sake tashi. Wannan karo kan zaɓen masu horo ne da mataimakansu. Sai da aka kawo mai shiga tsakani daga waje, aka shirya cikin Fabrairu na 2008. Aka yi yarjejeniya cewa, in za a zaɓi mai horo, mutum 7 za su zauna: 5 daga shugabanni, 2 daga ƴan wasa. Ku lura da wannan lissafi, don nan ne tushen fitina ta uku. Mutum 2 ba su taɓa rinjayar mutum 5. An ba ƴan wasa kujera, amma ba a ba su ƙarfin magana ba.

Murabus ɗin Makarti

Mai horon ƴan harlin na Kork a lokacin shi ne Jerald Makarti. Ba ƙaramin mutum ba ne. Sa'ad da yake wasa, sau 5 ya ci kofin ƙasa, kuma shi ne madugun Kork a 1966. A faɗin kokowa, kamar tsohon sarkin fage ne wanda ya riƙe takobi sau da dama. Ya yi shekara 2 yana horo, 2007 da 2008, ba a ci kofi ba. Ƴan wasa suka ce ba su gamsu da horonsa ba, a sake wani.

Cikin Oktoba na 2008, shugabanni suka ƙara masa shekara 2, ba da yardar wakilan ƴan wasa ba. Ƴan wasa duka suka ajiye sandunansu. Makarti ya ce hukuma ce ta naɗa shi, ba ƴan wasa ba, don haka ba ya sauka. Ya tara waɗansu samari sababbi ya shiga gasa da su. Aka yi ta ka da su, ƴan kallo kuma suka ƙaurace wa fili.

Gari ya rabu biyu. Waɗansu na cewa yaro ba ya zaɓa wa kansa malami, in aka bi ƴan wasa yau, gobe ba wanda zai iya tsawata musu. Waɗansu na cewa, wanda ba a biya, ba a tilasta shi ya bi wanda ba ya so. Cikin Fabrairu na 2009, wajen mutum dubu 10 suka yi jerin gwano cikin birnin Kork, suna bayan ƴan wasa. Daga baya shugabannin ƙananan ƙungiyoyi na garuruwa da ƙauyuka suka taru, suka nemi a sauke mai horo.

Ran 10 ga Maris na 2009, Makarti ya yi murabus. Ya ce har barazanar kisa an yi masa, kuma ba zai sa iyalinsa cikin haɗari don wasa ba. Aka naɗa wani mai horo, ƴan wasa suka koma fili.

Wa ya ci, wa ya faɗi?

Ƴan wasa sun sami abin da suka nema. A 2010 hukumar GAA ta yarda da ƙungiyarsu a fili, tana zama da ita ana shawara. Amma an yi hasara. Wata kusan 5 aka yi ba horo tare. Abokai sun ɓata, zumunci ya lalace, dattijon da ya yi wa garinsa suna ya fita da ɓacin rai. Daga 2005 har zuwa 2025, Kork ba ta sake ɗaukar kofin ƙasa na harlin ba. Ba yaji kaɗai ya jawo haka ba, amma shekarun rikici ba su taimaka ba.

Hausawa na cewa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abin da ya kamata masu kokowa, da shugabanninsu, da ƙungiyoyin samari na ƙauyuka su riƙe.

Na ɗaya: a yi magana tun kafin a buga ganga. Wa zai biya mota? Wa zai ci da ƴan wasa? In wani ya karye, wa zai kai shi likita? Nawa ne rabon kowa cikin kuɗin ƙofa da kyauta?

Na biyu: abin da aka shirya a rubuta shi, kowa ya sa hannu. Nan ne amfanin yaƙi da jahilci. Ɗan kokowar da ya iya karatu da lissafi, ba a canja masa magana bayan an tashi taro.

Na uku: in an ba ƴan wasa wakilai, a saurare su da gaske. Kiran mutum taro don ya cika kujera kawai, ba shawara ba ce.

Na huɗu: yaji shi ne makamin ƙarshe, kuma zagi da barazana ba su cikinsa. Shugaban da ya ga mabiyansa sun janye, gara ya nemi sulhu da wuri, ko ya sauka da mutuncinsa.

Wannan shawara ba ta ƴan wasa kaɗai ba ce. Ƙungiyar manoma, da ta makiyaya, da ta ƴan kasuwa, duk tana da amfani gare su. A karanta wannan labari a dandali, a karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, kowa ya faɗi ra'ayinsa.