Daga Bazara Zuwa Hunturu: Ɗaukar Hoton Tsuntsaye da Itatuwa Tare da Yaranki



Kwanakin baya muna hira a aji bayan an gama darasi, sai maganar damina ta shigo, na tambayi ɗalibaina ko akwai wadda ta taɓa ganin shamuwa. Aji ya yi tsit. Can sai wata ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, ba ita ce farar nan mai bin shanu ba?” Balbela take nufi. Na yi dariya a lokacin, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Kakanninmu da zuwan shamuwa suke sanin ruwa ya kusa, su fara gyaran gona, ga shi yau jikokinsu ko kamanninta ba su sani ba.

Kada ki ce wannan ƙaramin abu ne, uwargida. Ki tuna ungulu. Muna yara ba a raba ta da mahauta da bakin kasuwa, amma yaushe rabonki da ganinta? A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sanya wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma kashe ta da ake yi ana sayar da sassan jikinta. Ta ɓace a garuruwa da dama, kuma da wuya ki sami gidan da aka ajiye hotonta. To ga waya a hannunki, wadda kike ɗaukar hoton biki da suna da ita. Ita ɗin ta isa ki adana wa 'ya'yanki abin da ke kewaye da su, domin gani ya kori ji.

Na san wata za ta tambayi hukuncin hoto. Hoton itace da gona da ruwa da gajimare, jumhurun malamai ba su ga laifinsa ba. Hoton mai rai da aka ɗauka da kyamara shi ne malaman zamani suka yi saɓani a kai, wasu suka halatta, wasu suka taƙaita shi ga lalura. Idan zuciyarki ba ta natsu ba, ki tambayi malamin da kika amince da shi, kafin nan kuma itatuwa da furanni sun ishe ki aiki.

Ki fara da itace guda

Shawarata ita ce ki zaɓi itace guda ɗaya a kusa da gida, ki riƙa ɗaukar hotonsa sau ɗaya a kowane wata, kina tsayawa a wuri guda, a lokaci guda, har shekara ta zagayo. Kada ki zaɓi darbejiya, domin ita kusan kullum koriya ce, ba za ki ga wani canji ba. Kuka ta fi: da rani takan zubar da ganye ta tsaya tsirara, gab da faɗuwar ruwa ta yi toho, sannan ta fitar da fararen furanni masu reto waɗanda suke buɗewa da dare. Gawo kuwa nasa abin mamaki ne, domin da damina yake kaɗe ganye, sai da rani, lokacin da sauran itatuwa suka bushe, shi kuma ya yi kore shar. Ranar da kika jera hotuna 12 a gaban yaranki, da kansu za su ga yadda shekara take juyawa.

Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan tsananta, ruwa ya yi wa tsuntsaye wuya. Ki sami kasko marar zurfi ki zuba ruwa, ki ajiye a inuwa a gefen tsakar gida, inda kyanwa ba za ta yi musu kwanto ba, ki riƙa canza ruwan kullum saboda sauro. Cikin 'yan kwanaki za ki ga kurciya da gwara da wasu ƙananan tsuntsaye suna sauka. Ki zauna a ƙofar ɗaki shiru, ki bari su saba da ke. Kin sami hoto ba tare da kin fita ba, ga kuma ladan shayarwa.

A ƙarshen bazara ne shamuwa take isowa. Baƙa ce mai farin ciki da dogayen ƙafafu, kuma tana yin sheƙa a kan manyan itatuwan cikin gari da ƙauyuka. A ƙasashenmu take yin ƙwai ta ƙyanƙyashe, tana cin fara da tsutsotsi, idan ruwa ya ɗauke sai ta nufi kudancin Afirka. Ki rubuta ranar da kuka fara ganinta a bana, baɗi ku kwatanta.

Damina

Daga Yuni zuwa Satumba ne hoto ya fi kyau, musamman bayan an ɗauke ruwa, lokacin da ganye ya wanku, iska ta yi garau. Ki duba marai, tsuntsun nan da namijinsa yake rikiɗewa ya zama ruwan ɗorawa mai baƙar fuska, yana saƙa sheƙarsa da ciyawa a ƙarshen reshe. Ki duba malam-buɗe-littafi a kan fure, da mazari a bakin kududdufi, da hawainiya a kan danga. Irin waɗannan ƙananan halittu waya ta fi iya ɗauka, domin za ki iya matsawa kusa da su. Ki durƙusa daidai tsayin abin, ki taɓa fuskar wayar a inda yake don hoton ya fito ras, sannan ki ɗauka.

Sai dai a kula. Kada ki bar yara su shiga doguwar ciyawa ba takalmi saboda maciji, kada a fake a gindin itace lokacin tsawa, kuma ki tanadi leda don wayar.

Kaka

A watannin Oktoba da Nuwamba kore yakan fara komawa ja-ja, ana yankan dawa, ana tsinke wake, balbela tana bin shanun da aka sako gonakin da aka girbe. Idan kuka je ƙauye gaishe da dangi, ki fita da yaran bayan la'asar, domin hasken wannan lokaci mai laushi ne, yana fito da launin zangarniya da kara. Da rana tsaka kuwa haske yana da kaifi, inuwa ta yi baƙi ƙirin, hoto ya ƙone. Ki sa rana a bayanki, ki riƙe wayar da hannu biyu, ki manna gwiwar hannunki a jikinki don kada ta girgiza.

Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe nesa, saboda haka abin da ke kusa za ki ɗauka. Ki riƙa goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, domin ƙura kaɗan ta isa ta dusashe hoto.

Wannan ne kuma lokacin baƙin tsuntsaye. Agwagin ruwa da wasu tsuntsayen bakin ruwa sukan guje wa sanyin Turai, su ƙetaro Sahara, su sauka a dausayin Haɗeja zuwa Nguru da ke jihohin Jigawa da Yobe, inda suke haɗuwa da na gida irin su ƙirinjijiya da dinya da zalɓe. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru a jerin dausayi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, shi ne kuma na farko a Nijeriya. Tafkin Dagona ya biyo baya a 2008. Wajen watan Maris zuwa Afrilu baƙin nan suke komawa.

Idan kuma maigida yana da hali, Yankari da ke jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, da rani ya fi daɗin zuwa, domin ciyawa ta bushe, dabbobi irin su giwa da ɓauna da gwanki sukan nufo kogin Gaji neman ruwa. A bincika lafiyar hanya kafin a tashi, a bi umarnin ma'aikatan dajin, kuma a riƙe waya da kyau a gaban gwaggon biri, don ba ya jin kunyar fizge abu a hannun mutum.

Ladubban da za ki koya wa yara

Hoto bai kai ran halitta ba. Kada a taɓa sheƙa, kada a jefi tsuntsu don ya tashi, kada a kunna fitilar kyamara a idonsa. A sa tufafi marasa ƙyalli, a rage surutu, a taka a hankali. Yawan jawo hoto da yatsa yana ɓata shi, gara ki haƙura tsuntsun ya matso. Haka kuma a kiyaye haƙƙin mutane: kada a haska gidan maƙwabta, kada a ɗauki matan da suke wanki a rafi, ko manomi a gonarsa, sai da izini.

Bayan haka, kada ki bar hotunan a waya kawai, domin waya tana lalacewa, tana kuma ɓata. Ki zaɓi masu kyau a wanke miki su, ki sami littafi yara su manna, su rubuta kwanan wata da wuri da sunan abin da Hausa. Wanda ba ku san sunansa ba, ku kai wa kaka ko wani dattijo a unguwa. Za ki sha mamakin sunaye da labaran da za su fito, ga kuma zumunci an sada.

'Yar uwa, wannan aiki ba ya cin kuɗi, ba ya hana girki, minti goma a mako ya isa. Gobe da safe idan yara sun gama karyawa, ki tambaye su itacen da suke so ku fara da shi. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kai mu damina lafiya, amin.