Akwatin Rediyo a Tasawa da Mayahi: Iska Ba Ta San Iyaka Ba

Tun shekarar 1958 da aka buɗe gidan rediyon Nijar a Yamai, wanda aka raɗa wa suna Muryar Sahel a 1974, akwatin rediyo ya zama abokin zaman manomi da makiyayi a jihar Maraɗi. Dattawan gundumomin Tasawa da Mayahi ba su mance da ƙungiyoyin sauraren rediyo da aka kafa a 1962 ba, lokacin da mutanen gari kan taru da maraice wajen akwati ɗaya, su saurari shiri a kan noma ko kiwon lafiya, kana su tattauna. A yau akwati ya yi araha, amma zaɓensa ya ƙara wuya, domin an shigo da wani sabon suna, wato rediyon dijital.

Kafin magidanci ya kwance lalitarsa, ya kamata ya san hanyoyin da murya ke bi ta iso gidansa. Zangon FM, daga mita 87.5 zuwa 108, shi ne mafi tsabtar sauti, sai dai tafiyarsa kamar ta ido ce: inda ƙasa ta lanƙwasa, nan yake tsayawa. Shi ya sa mutanen Korgom da Hawandawaki, da ke kudu dab da iyaka, suka fi samun damar kama tashoshin ƙasar Katsina da Daura, alhali mutumin Urafan ko na Gidan Amumun, can arewa, sai ya ja eriya har ƙarshenta. Matsakaicin zango kuwa rarrafe yake yi da rana, amma da zarar rana ta faɗi sai sararin sama ya riƙa maido shi ƙasa, ya ci ɗaruruwan kilomita. Gajeren zango ya fi su duka nisa. Ta kansa ne jama'ar wannan yanki suka saba da Rediyon Kaduna a kan mita 49, da sashen Hausa na BBC da ya soma a 1957, da Muryar Jamus a 1963, da Muryar Amurka a 1979.

Ko da yake iska ba ta tsayawa a bakin kwastan, hukumomi ba su bar ta kara zube ba. A Janeba, cikin 1984, ƙasashen Afirka da na Turai sun rarraba mitocin FM a tsakaninsu, domin kada tashar Maraɗi ta danne ta Katsina. A 2006 aka sake zama a can, aka yi rabon mitocin dijital.

To, mene ne dijital ɗin? Maimakon a aika murya yadda take, sai a mayar da ita lambobi, akwati ya sake harhaɗa ta. Iri biyu ne suka shahara. Na farko shi ne DAB, wanda Turai ta runguma. Norwe ta rufe manyan tashoshinta na FM a 2017 saboda shi. Yana aiki daga mita 174 zuwa 240, ke nan shi ma ba ya nisa, kuma yana bukatar turakun watsa shiri masu yawa. Gana ta fara gwajinsa a Akara da Kumasi a 2023. Babu tashar DAB a jihar Maraɗi, babu a Katsina. Saboda haka duk wanda ya tarar da akwatin gwanjo daga Turai mai ɗauke da waɗannan haruffa, aka tsuga masa kuɗi dominsu, ya sayi rijiya ce ba ruwa. FM ɗin da ke jikinsa kaɗai zai amfana da shi.

Na biyu shi ne DRM, wanda aka ƙaddamar a 2003. Wannan a kan gajere da matsakaicin zango yake tafiya, don haka shi ne ya dace da ƙasa mai faɗi irin Nijar, kuma shi ne zai iya ƙetare iyaka da gaske. Indiya ta kafa manyan tashoshinsa, Muryar Najeriya ma ta buɗe injunan da ke iya watsa shi a Lugbe, kusa da Abuja, a 2012. Cikas ɗinsa shi ne akwatinsa: yana da tsada, yana da wuyar samu, yana kuma shan pil. Akwai kuma wata ɗabi'a ta dijital da ya kamata mutumin karkara ya sani. Tsohon akwati, in tasha ta yi nisa, yakan yi ta shuu amma a tsinci labari a ciki. Na dijital ba ya haka: ko dai murya ta fito garau, ko ta ɗauke ɗif. An ma taɓa ganin darasi: kamfanin WorldSpace ya harba tauraron AfriStar a 1998 don watsa rediyon dijital a Afirka, ya karye a 2008, masu akwatunansa suka tashi da kayan ado.

Akwatin da ya dace da gida a Tasawa ko Kanambakashe shi ne mai zango uku. FM domin Muryar Sahel da rediyoyin karkara da masu zaman kansu, waɗanda ke sanar da ɓatan dabba, da ranar rigakafi, da farashin gero da wake. Sauran biyun domin nesa. Amfaninsu ya fito fili a 'yan shekarun nan, sa'ad da aka dakatar da RFI a Nijar a Agustan 2023, da BBC na wata uku a Disamban 2024, kana Muryar Amurka ta yi tsit a Maris 2025 bisa umarnin gwamnatinta. Akwati mai zango ɗaya ƙofa ɗaya gare shi.

Sai maganar wuta. Lantarkin wannan yanki daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma an ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke shi a 2023. Ƙauyuka da dama ma layin bai kai gare su ba. Akwati mai farantin hasken rana yana da kyau, muddin batirinsa na cirewa ne a sauya, yana kuma karɓar manyan pil. Tocila da gurbin memori ƙari ne, ba su ne rediyo ba, kuma 'yan kasuwa sun iya jan hankali da su.

Mai saye ya gwada akwati a gaban mai shi. Ya murɗa a hankali, ya ji ko tashoshi biyu maƙwabta suna hawa kan juna. Da rana ya nemi mita 16 da 19, domin mita 41 da 49 sai dare suke buɗe baki. Ya duba gindin eriya, nan ne yake fara karyewa. In an kai shi gida, a aza shi kusa da taga, nesa da cajar waya da ƙwan fitila na zamani, masu cika gajeren zango da ƙara. In ɗakin na rufin kwano ne, 'yar waya mai tsawon kamu goma da aka ɗaura wa eriya aka fitar waje takan jawo tashar da a da ba a ji.