Gubar Fumfuna a Gyaɗa da Masara: Ina Gwamnati Ta Ja Layi?

Akwai gubar da ba hannun mutum ne ke zuba ta a abinci ba. Fumfunar da ke kama gyaɗa, masara da barkono, idan fari ya raunana shuka ko aka adana amfani da danshi, tana fitar da wata guba da ake kira afulatoksin. An gano ta bayan 1960, shekarar da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Birazil. Ba a ganin gubar da ido, suya da dahuwa kuma ba sa kashe ta. Idan ana cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru tana jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Idan ta yi yawa kuwa, kisa take yi cikin kwanaki: a Kenya, gurɓatacciyar masara ta halaka mutum 125 a 2004.

Da yake ba a iya raba amfanin gona da ita kwata-kwata, gwamnatoci sai suka sa iyaka. Ana auna ta da maikurogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a kowane kilo. Amurka ta tsaya a 20. Tarayyar Turai ta fi tsanani, 4 kacal ta yarda da shi a gyaɗar da za a ci kai tsaye. A Najeriya, hukumomin NAFDAC da SON ne ke da alhakin sa ma'auni da bin diddiginsa.

A wajen bin diddigin ne gizo ke saƙa. Buhun da zai ƙetare teku daga kasuwar Dawanau yakan bi ta ɗakin gwaji, amma tiyar gyaɗar da mai ƙuli-ƙuli a Gawuna ta saya da wuya ta ga na'ura. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, ƙwayoyin da aka tsince aka ware saboda lalacewa su ne masu araha, su kan koma man gyaɗa, ƙuli-ƙuli da abincin kaji.

Don haka kariyar tana farawa tun daga gona. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, fumfuna marar guba da ake watsawa a gona don ta rinjayi mai gubar. Bayan girbi kuma a shanya amfani a kan tamfol har ya bushe ƙarau, a jera buhuna a kan katako nesa da bango, ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse a zubar da ita.