Yini Guda A Jirgin Su Na Haya A Tekun Ingila

Mai karatu, a wurinmu su sana'a ce. Masunci yakan shiga ruwa don ya ciyar da iyalinsa. Amma a ƙasar Ingila akwai mutanen da ke biyan kuɗi su shiga teku, su yini suna kama kifi, sannan su mayar da yawancinsa cikin ruwa da ransa. Me ya sa suke haka? Bari mu bi su mu gani.

Tashi da safe

Akwai wani gari a bakin teku, a kudu maso yammacin Ingila, sunansa Minehead. A can wasu masu jiragen ruwa ke ba da hayar jirginsu. Mutum takwas ko goma sukan haɗa kuɗi su ɗauki jirgi ɗaya mai inji na yini guda, kamar yadda ake shatar mota ranar kasuwa. Doka ba ta yarda irin wannan jirgi ya ɗauki fasinja fiye da 12 ba.

Ba a tashi lokacin da aka ga dama. Ruwan teku yakan cika ya janye sau biyu a rana, saboda jan da wata ke yi masa. A wannan yanki, da ake kira mashigin Biristol, tsakanin cika da janyewa yakan wuce mita 10. Idan ruwa ya janye, sai ka ga jirage zaune a kan taɓo. Dole a jira ya dawo. Idan kuma iska ta yi ƙarfi, matuƙi yakan fasa tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kayan aiki

Kowa yana da sandarsa mai ƙarfi, da doguwar igiyar roba, da ƙugiya ɗaya. Ana ɗaura dalma mai nauyi, wani lokaci har rabin kilo, don ƙarfin ruwa kada ya ɗaga ƙugiyar daga ƙasa. Abin da ake sa wa ƙugiya sau da yawa yankan kifi ne, irin na ƙanƙara da muke saya a kasuwa da sunan taitus.

Matuƙi yana da na'ura mai nuna masa ƙasan teku: nan yashi ne, can duwatsu ne. Idan ya sami wuri, sai ya saki anga, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi. Daga nan sai jira. Wasu kuma tangaɗin jirgi ya sa musu jiri da amai. Su sai da haƙuri.

Kifin faifai

A kan yashi ake samun kifi na farko. Faɗi gare shi kamar faifai, ga doguwar wutsiya, don haka mu kira shi kifin faifai. Ɗan uwan kunamar ruwa ne, wadda masuntan Binuwai da Kwara suka sani. Irin wanda aka fi kamawa a can ba shi da dafi, amma bayansa da wutsiyarsa duk ƙayoyi ne. Yawanci nauyinsa kilo 3 zuwa 5.

Bakinsa a ƙarƙashin jikinsa yake. Yakan kwanta a kan abinci tukuna kafin ya haɗiya. Mai gaggawar jan igiya yakan tashi a tutar babu. Gwani yakan jira sai igiya ta fara tafiya, sannan ya ja.

Kwanga

Kifi na biyu sunansa kwanga. Dogo ne kamar maciji, ya ɗan yi kama da gaiwa, kuma ba shi da ɓawo a jiki. Yana zama cikin ramukan duwatsu da cikin tsofaffin jiragen da suka nutse. Babba yakan kai mita 2. A shekarar 1995 an kama wata mai kilo 60 da ƙugiya, kusa da garin Brixham. Wannan ya fi buhun siminti nauyi.

Idan kwanga ya ji ƙugiya, sai ya ja da baya zuwa raminsa. In ya naɗe wutsiya a dutse, shi ke nan, igiya ta tsinke. Saboda haka dole a ɗago shi nan take. Idan ya iso sama yakan yi ta juyi. Muƙamuƙinsa na da ƙarfi ƙwarai, ba a kai hannu kusa da bakinsa. Matuƙi yakan cire ƙugiyar da wani dogon ƙarfe tun kifin yana cikin ruwa.

Me ya sa ake mayarwa?

Dalilin yana cikin yadda waɗannan kifaye ke haihuwa. Kwanga yakan yi shekara 5 zuwa 15 kafin ya isa haihuwa. Sai ya tafi can cikin teku mai zurfi, ya haihu sau ɗaya tak, ya mutu. Ke nan duk kwangan da aka kashe kusa da gaɓa bai taɓa haihuwa ba.

Ita kuma macen kifin faifai sai ta kai kamar shekara 7 kafin ta fara ƙwai. Ƙwanta a shekara bai kai 200 ba, alhali wasu kifaye dubbai suke zubawa. Idan aka kwashe manya, maye gurbinsu sai an daɗe.

An riga an ga misali. Kifin faifai yana da wani babban ɗan uwa mai kai kilo 100. Da can yana da yawa. Manyan jirage masu jan taru suka yi ta kwasarsa. A 1981 masana suka ba da labarin cewa ya ɓace daga tekun da ke tsakanin Ingila da Ailan. A 2009 Tarayyar Turai ta hana masunta kawo shi tudu. Shi ya sa masu su na haya sukan auna kifi, su ɗauki hoto, su sake shi. Wanda zai ci yakan ɗauki ɗaya ko biyu kawai.

Abin lura gare mu

Da yamma jirgi yakan dawo tare da cikar ruwa. Mai jirgi ya san idan kifi ya ƙare, ba mai sake hayar jirginsa.

Mu ba mu da halin sakin duk abin da muka kama, domin abincinmu ne. Amma kunamar ruwa ta kogunanmu, masana sun sa ta cikin kifayen da ake tsoron ƙarewarsu. Taru mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi. Zuba maganin ƙwari a ruwa yana kashe babba da ƙarami, yana kuma cutar da mai ci. Mu saki ƙanana su girma, mu ɗaga wa kifi ƙafa lokacin ƙwai. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.