'Yar fitilar jikin tocila: Abin da take nufi da yadda ake rage haskenta

A Gwandu da Kalgo, kamar sauran garuruwan Jihar Kebbi, tocila mai caji ta daɗe da maye gurbin fitilar ƙwai. Mai shagon da ke rufewa bayan Isha'i, da maigadi, da manomin da ke ban ruwan shinkafa a fadama da dare, da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, duk da ita suke dogara idan an ɗauke wuta. Sai dai da yawa ba sa kula da wata 'yar fitila da ke kusa da madanni ko wajen soka caja, alhali ita ce ke ba da labarin lafiyar batir, kuma a wasu tocilolin tana shan cajinsa dare da rana.

A tocilar da aka saba saye a kasuwa aikinta bai da yawa. Galibi ja na nufin batir na karɓar caji, kore ko shuɗi kuma ya cika. Wasu na da ɗigo huɗu a jere, kowanne na wakiltar kusan rubu'in caji. Ba a iya sauya haskenta, amma karanta ta na da amfani. Idan ta koma kore, a cire tocilar daga wuta. Idan kuwa mintuna kaɗan da sokawa ta nuna an cika, sannan haske ya dushe da wuri, alama ce batirin ya tsufa.

Ƙananan tocilolin aljihu masu tsada, irin na kamfanonin Sofirn da Wurkkos da Emisar da ake yin odarsu ta intanet, sun sha bamban. Wasunsu na aiki da manhajar Anduril, kuma 'yar fitilarsu kan ci gaba da ci ko an kashe tocilar, domin mai ita ya gano inda ya ajiye ta cikin duhu. A Anduril 2, idan tocila na kashe, danna madanni sau bakwai a jere na sauya yanayin fitilar tsakanin huɗu: a kashe, ƙaramin haske, babban haske, da ƙyaftawa. Idan aka riƙe madannin a danni na bakwai, launi ne ke sauyawa, har a iso yanayin da launin ke bin ƙarfin batir, inda ja ke nuna caji ya kusa ƙarewa.

Zaɓin da aka yi a nan yana da tasiri ga batir. Yawancin waɗannan tocilolin na amfani da batirin lithium mai lamba 18650, wanda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa milimita 65. A ɗauka batirin na da ƙarfin 3,000mAh. Idan 'yar fitilar na jan 2mA a babban haske, cikin awa 1,500, wato kusan wata biyu, za ta shanye shi ko ba a kunna tocilar sau ɗaya ba. Idan kuwa 0.05mA take ja a ƙaramin haske, lissafin ya kai awa 60,000, kusan shekara bakwai. Adadin na bambanta daga tocila zuwa tocila, amma tazarar da ke tsakanin yanayin biyu mai faɗi ce. Ga wanda ke biyan kuɗi a shagon caji, ko yake jiran a kawo wuta, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Illar ba ta tsaya a mutuwar haske ba. Batirin lithium na cika a volt 4.2, kuma idan ya sauka ƙasa da volt 2.5 ya daɗe a haka, yakan lalace, cajinsa daga baya ma na iya zama haɗari. Zafi na ƙara gajarta rayuwarsa, ga shi a watannin Maris da Afrilu zafin wannan yanki kan haura digiri 40. Don haka barin tocila cikin mota, ko a shagon kwano da tsakar rana, cutar da ita ne.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bar 'yar fitilar a ƙaramin haske, wanda ya isa a hango ta a ɗaki mai duhu. Babban haske sai lokacin da ake bukatar ganinta da rana. Wanda zai ajiye tocila tsawon makonni ya kashe fitilar gaba ɗaya, ko ya ɗan sassauta murfin ƙasa domin yanke wutar, sannan ya duba cajinta sau ɗaya a wata, musamman gabanin damina, lokacin da guguwa kan karya turakun lantarki, macizai kuma su yawaita a hanyoyin gona.